Maƙera a Tsakar Gida

Gidan yana ƙarshen wani lungu da mota ba ta shiga. Daga ƙofa za ka bi ta wani siririn zaure mai duhu, wanda mutum biyu ba sa wuce juna a cikinsa sai ɗaya ya karkace, kafin ka fito tsakar gida. Ɗakuna biyu a dama, madafa a hagu, igiyar shanya a tsakani. Ta baya da gefe ɗaya benayen maƙwabta ne masu farin fenti, suna kallon gidan daga sama. Da hantsi ya yi, rana kan faɗo tsakar gidan ta daki bangon benen ta dawo, har sai mutum ya ƙanƙance ido.

A nan mutumin da unguwa ke kira Baba Maƙeri ya kafa wutarsa bara, bayan an rushe layin rumfunan da ke bayan kasuwa don a gina shaguna. Dattijo ne gajere mai faɗin kafaɗa, gemunsa ya yi fari, bayan hannuwansa duk tabon tartsatsi ne. Ba ya ji sosai da kunnen dama, ɓangaren da yake duka. Idan ka yi masa tambaya sai ya juyo maka na hagu, sannan ya ba ka amsa a taƙaice.

Rumfar da aka rushe ta mahaifinsa ce, a cikinta ya buɗe ido ya ga ana ƙira. Kwanon rufinta ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi, ba ta da taga, ƙofarta kuma tana kallon bangon wani sito. Murhun na yumɓu ne a ƙasa, da zuga-zugin fata a gefensa, gawayi ake zuba masa. Da ranar tashi ta zo ya kwashe abin da ke ɗaukuwa: uwar maƙera, wato dunƙulen ƙarfen da ake duka a kansa, da masabarsa ta duka, da awartakin kama ƙarfe, da magagarin gurzawa. Murhun bai ɗauku ba, don da ƙasar wurin aka gina shi. Zuga-zugin kuma fatarsa ta riga ta mutu, da aka ɗaga shi sai ya rabu biyu a hannun masu taya shi kwasa. Bai tsaya ganin motar rusau ba. Ya bi bayan kayansa ya taho gida, ya kwanta.

Aikin da aka san shi da shi takalmin doki ne. Yana yin wuƙa da fartanya idan an nema, amma waɗannan yanzu kowane shago akwai su. A da masu keken doki ne ke ɗaukar kayan kasuwar duka, da safe sai ka ga dabbobi a jere a ƙofar rumfarsa suna kaɗa wutsiya suna jira. Babura masu ƙafa uku da ƙananan motocin kaya suka cinye wannan aikin kaɗan-kaɗan. Lokacin da aka yi rusau mutum ɗaya ya rage masa mai zuwa a kai a kai, wanda kowa ke kira Ba Hutu, don abin da ya rubuta a bayan kekensa ke nan. Ba Hutu na da dabba biyu, wani baƙin doki matashi da tsohuwar goɗiya ja, yana jigilar jan bulo daga wurin gashi zuwa wuraren gini ta lungunan da mota ba ta iya bi. Mutum ne mai surutu, ba ya shiga gida ya fita bai bar wa mutane abin dariya ba.

'Yar Baba tana auren wani mai walda, wanda ke da wurin haɗa ƙofofi da tagogi a bakin titi, da ɗan shago a gaba inda ake sayar da ƙusa da kwaɗo da sakata. Tun kafin rusau suke lallaɓa shi ya ajiye masaba ya zo ya zauna a shagon. Kujera ce mai jingina da fanka a sama, aikin bai wuce miƙa kaya ba. Bayan rusau suka zo tare, 'yar ta yi maganar, surukin yana gefe kansa a ƙasa. Baba ya saurare su har suka gama. Ya ce muddin Ba Hutu na kawo masa aiki, shi maƙeri ne. Ran da ya daina, a share kujerar. Matarsa, wadda kowa har shi kansa ke kira Inna, tana zaune tana ji, kuma a gidan nan maganar da aka yi a gabanta ba ta warwaruwa.

Surukin bai yi gardama ba. Ya ce tunda haka ne, a gina wutar da kyau. Gawayi ya yi wuya a shekarar, wanda ake samu kuma marar nauyi ne, ya zama toka kafin ƙarfe ya ji zafi. Ba Hutu ne ya kawo shawarar kwal. Da shi ake gasa bulo inda yake lodi, ɓarɓashin da ke zubewa ba mai kula da shi, zai iya jefo buhu a keke duk sanda ya biyo. Sai dai kwal ba ya ci a murhun yumɓu irin na da. Yana son iska ta taso masa daga ƙasa, da ƙarfi, yana kuma son hanyar da toka za ta zube.

Suka nemo gangar birkin wata tsohuwar babbar mota wajen masu tsofaffin ƙarafa, wani kwano ne na ƙarfe mai kauri da rami a tsakiya. Ita ce ta zama cikin murhun. Surukin ya yanko ɗan faifan ƙarfe ya huhhuda shi ya rufe ramin, don kwal ya zauna iska ta wuce. A ƙarƙashi ya liƙa bututu mai reshe, reshen gefe na shigar iska, na ƙasa na zubar toka, da ɗan marfi da ake turewa da ƙafa. Teburin wani ƙyauren ƙarfe ne da mai shi ya fasa karɓa, aka yanke tsakiyarsa aka zaunar da gangar. Ƙafafun daga gadon ƙarfen da 'yar ta kwana a kai tana yarinya suka fito. A madadin zuga-zugi suka haɗa fanka a cikin gidan gwangwani, aka ɗaure ta da wilin keke da igiyar roba, ka juya wilin da hannu ɗaya iska ta taho ba yankewa. Baba da kansa ya kwaɓa yumɓu da yashi da toka ya shafe teburin, ya bar shi ya bushe a hankali don kada ya tsage.

Ran da aka kawo shi gida aka tsayar, ya kai wa Baba ƙugu. Mai walda a tsaye yake aiki, bai kawo wa ransa cewa akwai wanda bai taɓa ƙira a tsaye ba. Baba ya zagaya teburin, ya dafa shi, ya yaba waldar, sannan ya tambayi 'yarsa ko shayi za a riƙa sayarwa a kai. Surukin ya koma ya ɗauko injin yanka ya rage ƙafafun, amma bututun ƙasa ya hana a sauke shi sosai. Sai aka tsaya a tsakiya: Baba ya zauna a kan kututture gwiwoyinsa a takure, ba zaman ƙasa da ya saba ba, ba kuma tsayuwa ba. Ciwon bayan da yake fama da shi yanzu daga nan ya samo asali.

Inda za a ajiye murhun kuwa ba a yi shawara ba, don kowa ya san amsar. Inna na da ciwon ƙirji tun haihuwarta ta ƙarshe, hayaƙi kaɗan sai numfashinta ya fara ƙara kamar usur. Aka kai shi kusurwar da ta fi nisa da ɗakinta, a fili, ba rufi ba katanga, don hayaƙi ya miƙe sama ya tafi.

Ranar da aka fara kunnawa hayaƙin ya fito da kauri, kore-kore, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Matar maƙwabcinsu na bene ta leƙo ta taga ta tambaya ko wani abu ne ya mutu a gidan. Inna ta ce a'a, Malam ne ke koyon girki. Ya ɗauki makonni kafin ya gane halin kwal. Sabo ba a zuba shi a tsakiyar wuta. A baki ake jera shi, a yayyafa masa ruwa, ya gasu a hankali hayaƙinsa ya fita, ya koma marar nauyi kamar soso, sannan a turo shi ciki. Wannan gasasshen ne ke ci da tsabta. A gindin wutar kuma wani kashi ke taruwa, mai ƙyalli kamar narkakkiyar kwalba, idan ba a zaƙulo shi ba sai ya toshe iska. Duk wannan da hannunsa ya koya, yana yi yana mita. Ya ce gawayi tsohon aboki ne, ko ba ka yi magana ba ya san abin da kake so, shi kuwa kwal baƙo ne mai son a yi ta hidima da shi.

Takalman farko da ya ƙera a sabuwar wutar sun yi kyau a ido. Yakan yanki rodi daidai zagayen kofato, ya sa a wuta, ya dake shi ya yi faɗi, ya lanƙwasa shi a jikin wani mulmulallen ƙarfe da ya kafa a itace, ya huda ramukan ƙusa tun da zafinsa. Lungun ba ya ɗaukar keke, don haka Ba Hutu kan kwance dabbar ya jawo ta ƙofar gida. Baba ya sanyaya takalmin a ruwa ya fito da shi, ya rage kofaton da wuƙa, ya daidaita da magagari, ya kafa ƙusa. Na baƙin doki ba wuya. Na goɗiyar ne aiki. Kofatonta na gaba na hagu ya baje ta gefe ɗaya tun wani tsohon rauni, takalmin shago ba ya hawa shi, sai an ƙera nata na musamman, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya faɗi.

Ba a daɗe ba Ba Hutu ya dawo da rabin takalmin baƙin doki a aljihu. Ya karye daidai ramin ƙusa. Ya miƙa wa Baba yana dariya, ya tambaya ko biskit aka fara yi a gidan. Baba ya duba bakin karayar. Ba santsi, gari-gari ne kamar gishiri. Ya san wannan: ƙarfen da ya ƙone ke nan, wanda aka bari a wuta har ya wuce iyaka. Abin da bai gane ba shi ne yadda aka yi, don rabonsa da ƙona ƙarfe tun yana saurayi.

Maƙeri ba shi da ma'aunin zafi sai launi. Ja mai duhu, ƙarfe bai nuna ba, duka ba ya shigarsa. Idan ya koma ruwan goro, lokacin duka ya yi. Ruwan ƙwai iyaka ce. Da ya yi fari ya fara tartsatsi ya mutu, ko ka ƙera shi ya yi kyau ba zai ɗauki nauyi ba. Baba ya tabbatar mini, ni da nake yawan zuwa gidan, cewa a ruwan goro yake cire kowane ɗaya.

Ya fara ɗora laifin a kan rodin, aka canjo wani. Sannan a kan kwal, ya rage juya wilin. Na gaba ya ɗan fi daɗewa, amma shi ma ya karye, wannan karon kuma a ƙafar goɗiyar, a kan kwalta, da lodi a baya. Rabin da ya rage ya murɗe, ƙusa ta yago gefen kofaton. Ta yi kwanaki a ɗaure tana ɗingishi, baƙin dokin shi kaɗai yana jan aikin biyu. Ranar da Ba Hutu ya zo bai yi wa kowa wasa ba. Ya gaishe da Inna, ya tsuguna kusa da murhun, ya yi magana ƙasa-ƙasa har sai da Baba ya juyo masa kunnen hagu.

"Baba, ni ba zan iya faɗa maka baƙar magana ba, kai ka yi wa mahaifina aiki. Amma dabbar nan ita ce abincin 'ya'yana. Idan ta warke zan sake kawo ta. In ya kuma karyewa, sai ka yafe mini."

Baba ya ce ya ji, kuma gaskiyarsa ce.

Daga nan zarginsa ya koma kan idonsa. Bai faɗa wa kowa ba, amma Inna ta gan shi yana rufe ido ɗaya da tafin hannu yana kallon igiyar shanya, ta aika aka kira 'yar. Aka kai shi asibitin ido. Aka ce idon ba laifi gwargwadon shekaru, aka ba shi tabarau na karatu, shi da ba karatu yake yi ba. Wannan bai kwantar masa da hankali ba. Ya ce da idon ne da sauƙi, sai a ce ciwo ne. Amma a ce ido lafiya, hannu lafiya, aiki ya ƙi, to sana'ar ce ta bar mutum, kamar yadda ya ga ta bar mahaifinsa a ƙarshe. Cikin waɗannan kwanakin surukin ya sa aka yi wa kujerar shagon sabon matashi. Shi bai faɗa ba, bakin 'yar ne ya suɓuce.

Ran da Ba Hutu ya dawo da goɗiyar rana ta take. Ya ɗaure ta a ƙofar gida ya tsaya tare da ita. Baba ya kunna wuta, ya jira hayaƙin ya lafa, ya sa ƙarfe. Inna na madafa ta sakaya ƙofa. Ya riƙa juya wilin a hankali kamar mai gudun tashin jariri, idonsa a kan ƙarfen, har ya ga ruwan goro. Ya kama shi da awartaki ya ɗago zai ɗora a uwar maƙera, sai ga hayaniya a waje. Wani mai babur ne ya kutso lungun ya danna hon a bayan goɗiyar, ta zabura tana neman tsinke igiya, Ba Hutu yana kiran a zo a taya shi. Baba ya miƙe da abin da ke hannunsa ya nufi ƙofa.

Yana shiga zauren ya tsaya. Ƙarfen da ya gani ruwan goro a tsakar gida, a nan fari ne tas, yana fesar da ƙananan tartsatsi, ya haske wurin har ana ganin tsagar bango da tsohon kwandon da ke rataye. Ya ja da baya zuwa cikin rana, ruwan goro. Ya sake shiga, fari-fari, ya fara sauka ruwan ƙwai. Ba Hutu, da ya riga ya lallashi goɗiyar, ya leƙo ya gan shi yana shiga yana fita.

"Baba, lafiya? Takalmi na ce, ba fitila ba."

"Rana ce," in ji Baba. "Rana ce take cinye launin."

Ya ajiye ƙarfen a ƙasa ya zauna a dakalin zauren, ya daɗe. Rayuwarsa duka a rumfa mai duhu ya yi ta, bai taɓa tambayar abin da ya sa mahaifinsa bai fasa mata taga ba. Ya ɗauka rashin hali ne, ko rashin kula. Da aka ba Inna labari ta ce ai ko garwashin girki da rana kamar toka yake, da ya tambaye ta da tuni an wuce wurin. Ya ce irin wannan amsar ce ta hana shi tambayarta. Ranar bai ƙera komai ba. Ya roƙi Ba Hutu ya ƙara masa 'yan kwanaki, ya naɗe wa goɗiyar kofaton da buhu ta koma gida.

Washegari surukin ya kawo tsofaffin kwanuka aka yi wa murhun rumfa, aka rataya buhuna a gefuna. Ciki ya yi duhu yadda ake so, ƙarfe ya dawo yana faɗin gaskiya. Amma hayaƙin da ya saba miƙewa sama sai ya kwanta, ya bi bango ya shiga ɗakuna. Surukin ya ƙara bututun hayaƙi ya zarce rufin gidan, iskar da ke dukan benen ta riƙa danno shi ƙasa. Matar bene ta daina leƙowa da wasa, ta aiko mijinta. Ita kuwa Inna, da an kunna wuta sai ta ɗauki mayafinta ta ce za ta je duba maƙwabciya. Wata safiya Baba ya fito karɓar buhun kwal, ya same ta zaune a bakin lungu a kan dutse, mayafi a baki, kafaɗunta suna ɗagawa suna sauka.

"Tun yaushe kike nan?"

"Iska nake sha, Malam. Je ka, ƙarfenka zai huce."

Ya koma ya kashe wutar. Da yamma ya kwance buhunan da kansa, ya sauke kwanukan ɗaya bayan ɗaya ya jingine su a bango.

Abin da ya rage masa shi ne ɗan duhun da Allah ya bayar da safe. Yanzu da asuba yake kunna wuta, a fili kamar da, hayaƙin farko ya tashi tun Inna na ɗaki, ƙofa a rufe da tsumma a ƙarƙashin ƙyaure. Daga wayewar gari zuwa lokacin da rana ta taɓa saman benen, launi na nan daidai. Tazarar gajeriya ce, kwal kuma na cin wani ɓangarenta kafin ya gasu, mijin matar bene ma ya roƙa a bar duka sai mutane sun tashi. Da yamma ya gwada, amma lokacin Inna ke shiga tana fita da girki, hannunsa kuma ya riga ya mutu. Sai ya kwantar da wata tsohuwar ganga kusa da uwar maƙera, bakinta na kallonsa. Idan haske ya fara yawa ya zura ƙarfen ciki ya sunkuya ya leƙa. Tana taimakawa, amma kowane leƙe zafin ƙarfe ne ke tafiya, sunkuyon kuma bayansa ne ke biya. Aikin da yake gamawa a zama ɗaya a rumfa, yanzu sai ya raba shi safiya biyu ko uku.

A haka ya ƙera wa goɗiyar takalmanta. Ba Hutu ya zo aka kafa, ya yi godiya ya ja ta ya tafi, babu wanda ya tayar da tsohuwar maganar. Makonnin da suka biyo baya, duk sanda Baba ya ji ƙarar kofato a bakin titi sai ya dakata da abin da yake yi ya juya kunnen hagu. Inna ta ce mini abincinsa ya ragu, ita kuma ta gaji da cewa ya ƙara.

Ina gidan ranar da Ba Hutu ya dawo. Ya zo da goɗiyar ita kaɗai. Baba ya dafa wuyanta, ya shafo har ƙasa, ya ɗaga ƙafar hagun ya sa tsakanin gwiwoyinsa, ya kankare ƙasar da ta cika kofaton. Takalmin ya cinye ta gaba ya yi siriri kamar bakin cokali, yadda takalmin da ya yi aikinsa yake yi, amma ko tsaga babu. Ya bi ramukan ƙusar da babban yatsa yana shafawa. Ba Hutu ya ce ta warke sarai, har ta koma tsohon halinta na cizon baƙin doki idan ya riga ta zuwa ruwa. Suka yi dariya. Sannan Baba ya sauke ƙafar, ya miƙe a hankali hannunsa a ƙugu, ya tambaya ina baƙin yake.

Ba Hutu ya sosa ƙeya. Ya ce lokacin da ake ta faman rumfa da buhuna takalmin baƙin ya ƙare, shi kuma ba zai iya ajiye dokin da ke riƙe da gida yana jiran safiya ba. Ya sayi na shago, wani a wurin gashin bulo ya kafa masa. Ya hau daidai, kuma a tsaye ake gamawa.

"Ita dai taka ce, Baba, har ran da ɗayanku ya gaji. Shi kuwa, ba zan yi maka ƙarya ba."

"To. Ka sa ya riƙa rage masa kofato kafin ya kafa," in ji Baba. "Kada ya ɗora sabo a kan tsohon tsiro, zai karkatar masa da ƙafa."

Ba Hutu ya ce zai faɗa masa.

Baba ya sani, ba sai an gaya masa ba, cewa tsohuwar goɗiya ɗaya, da ke zuwa jefi-jefi, ba ta riƙe gida. Da yamma shi da kansa ya ce wa Inna ta aika wa yaron nan, haka yake kiran surukinsa, a ce gobe yana tafe shagon. Ya kuma ce a zo a kwashe murhun a mayar wa masu ƙarafa, ya tare wuri. Inna ta ce saƙon farko za ta aika, na biyun ba da bakinta ba. A gabanta aka yi magana, Ba Hutu kuma bai daina zuwa ba, don haka wuta tana nan. Ya ce hayaƙin fa. Ta ce tsumman ƙofa bai ƙare ba. A haka aka tsaya: safiyar da akwai aiki ta maƙera ce, daga hantsi kuma shago.

Safiyar aiki ba ta da yawa. Bayan goɗiyar akwai mai nama da ke kawo ƙugiya a miƙe masa, da wata tsohuwa da ke son a yi wa tukunyarta hannu. Sauran ranakun murhun na rufe da kwano saboda ruwan sama, kaji suna hawa kansa.

Na je na same shi a shagon da la'asar. Ya sa riga mai tsabta, yana zaune a bakin kujerar bai jingina ba, hannuwansa a kan gwiwa. Ta ƙofar baya ana jin ƙarar injin yanka. Ya ce wurin ba laifi, yaron nan yana girmama shi, ba ya barinsa ya ɗaga ko kwali. Yammar ce dai ba ta tafiya. Ya kuma ce an aiko 'yarsa ta roƙe shi, cikin ladabi, ya daina gaya wa masu saye wace sakata ce ba za ta daɗe ba, don kaya sun fara kwantai.

Muna cikin magana wani magini ya shigo ya nemi ƙusar rufi. Baba ya miƙe ya ɗebo daga buhu ya zuba a sikeli. Ya ɗauki ɗaya ya danna ta tsakanin yatsunsa, ta lanƙwashe ba gardama. Ya dubi maginin, ya dubi ƙofar baya. Sannan ya jefa ta ƙarƙashin kanta, ya ƙara wata a madadinta, ya naɗe a takarda ya miƙa.